Alƙahira ko Istanbul: yadda muka tsai da shawara kan ɗan hutunmu

Hutun da na samu a wurin aiki bai kai mako guda ba, kuma a cikinsa za a cire ranar tafiya da ranar dawowa. Ni da matata mun daɗe muna son mu je wani babban birni mai tsohon tarihi, mu taka shi da ƙafarmu. Da muka tace sunayen da ke ranmu, biyu suka rage: Alƙahira ta Masar da Istanbul ta Turkiyya. Ita Alƙahira take so tun tana makaranta. Ni kuwa zuciyata ta rabu biyu.

Shawarar farko da ta zo mana ita ce mu raba kwanakin, mu taɓa nan mu taɓa can. A baki abin yana da daɗin faɗi, tunda tafiyar jirgin sama tsakanin biranen biyu awa biyu ce da 'yan mintuna. Amma da na zauna na lissafa abin da ke kewaye da waɗannan awanni biyun, sai na ga yini guda ne cur zai salwanta: haɗa kaya, sallamar otal, hanyar filin jirgi, isa da wuri saboda bincike, layin jami'an shige da fice a can, neman sabon masauki, sannan a fara koyon wani gari daga tushe, da kuɗinsa da harshensa da yadda ake shiga motocinsa. Ga kuma biza biyu maimakon ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. A daren muka ajiye wannan magana, ba mu sake ɗaga ta ba.

Daga nan kowa ya ɗauki takarda ya rubuta abin da yake marmarin gani. Tata takardar Alƙahira ce daga sama har ƙasa. Dalar Giza ce a kan gaba, musamman babbar, ta Fir'auna Khufu, wadda ta yi shekara wajen 4,500 a tsaye, kuma tsawonta na asali ya kai mita 146. Sai masallacin Azhar, da daular Faɗimiyya ta fara ginawa a 970, shekara guda bayan kafa birnin. Sai masallacin Amru ɗan Asi a Fusɗaɗ, na farko da aka gina a ƙasar Masar. Sai na Ibn Ɗulun, da aka gama a 879, mai hasumiyar nan da matakalarta ke nannaɗe da ita ta waje. Ta rubuta sansanin Salahuddin da aka fara ginawa a kan tudu a 1176, ta rubuta hubbaren Imam Shafi'i, wanda ya rasu a Masar a 820. A ƙarshe ta ja layi biyu a ƙarƙashin sabon katafaren gidan tarihin da ke daf da dala, wanda aka yi bikin buɗewa a Nuwamban 2025, inda aka tattara kayan kabarin Fir'auna Tutankhamun sama da 5,000 a wuri ɗaya.

Tawa takardar ta fi karkata ga Istanbul. Aya Sofiya, da aka gama ginawa a 537 a matsayin coci, ta zama masallaci bayan Sarki Muhammadu na Biyu ya ci birnin a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, sannan aka dawo da sallah a cikinta a 2020. Masallacin Sultan Ahmet mai hasumiya shida. Fadar Topkapi, inda sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka zauna ɗaruruwan shekaru. Masallacin Sulaimaniyya, aikin shahararren maginin nan Sinan, da aka gama a 1557. Kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari. Da kuma mashigin Bosforus, ruwan da ya raba birnin gida biyu, ɓangare a Turai, ɓangare a Asiya.

Da muka jera takardun biyu, ba su raba mana gardama ba, kuma ba zan ɓoye ba, in dai tsufa da yawan abin gani ne ma'auni, Alƙahira ce a gaba. Babu wani gini a Istanbul da zai tsaya kusa da dala a shekaru. Amma sai na lura cewa duk takardun biyu sun fi ƙarfin kwanakin da ke hannunmu nesa ba kusa ba. Ko wane birni muka zaɓa, wani yanki kaɗan na takardarsa za mu gani. Saboda haka na daina tambayar wane birni ya fi, na koma tambayar a wane birni ne awanninmu za su fi tafiya wajen kallo, a wane ne kuma za su fi tafiya a kan hanya. Wannan tambayar ce ta ɗauke ni darare ina bin ta, kuma ita ce ta yanke hukunci a ƙarshe.

Aikin ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Na buɗe taswirar Google a kwamfuta, na sa alama a kan duk wurin da ke takardunmu, na ja da baya na dubi yadda alamomin suka watsu. Sannan na riƙa tambayar taswirar tsawon lokacin tafiya daga wannan wuri zuwa wancan, a ƙafa, a mota, da kuma a jirgin ƙasa, ina sauya lokacin tashi: da sassafe, da tsakar rana, da yamma lokacin tashi daga aiki. Wannan sauya lokacin shi ne ya fi komai amfani, domin nisan da aka auna da kilomita ba ya gaya wa baƙo komai a birnin da ke da mutum miliyan 15 ko 20. Hanyar da mota ke ci cikin rabin awa da asuba tana iya cin ninkinsa biyu ko fiye da la'asar.

A Istanbul alamomin sun taru kamar an share su wuri ɗaya. Aya Sofiya da masallacin Sultan Ahmet suna kallon juna, fili ne da lambu kawai a tsakaninsu. Ƙofar fadar Topkapi tana bayan Aya Sofiya. Tsohuwar matattarar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, wadda Rumawa suka gina a ƙarni na shida a kan ginshiƙai 336, tana tsallaken titi. Kuma ta wannan titin ne taram ke wucewa, wato jirgin ƙasan nan da ke bin kwalta: tasha biyu ta wannan gefen ka isa babbar kasuwa mai rufi, daga can ɗan hawa a ƙafa ka isa Sulaimaniyya, tasha uku ta ɗaya gefen ka sauka Eminonu, bakin ruwa, inda jiragen fito ke tashi zuwa Uskudar da Kadikoy a ɓangaren Asiya. Daga Eminonu ɗin kuma akwai wani taram da ke bin gaɓar ruwa zuwa unguwar Eyup, inda kabarin Abu Ayyub yake. Kati ɗaya ne, Istanbulkart, ake shiga taram da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin fito da shi. Kusan duk abin da na rubuta yana kan wannan ɗan zaren.

A Alƙahira alamomin sun kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni a nahiyarsa. Dala da sabon gidan tarihi suna can yamma da Kogin Nilu, a bakin hamada. Azhar da kasuwar Khan Khalili da titin Mu'izz suna gabas, cikin tsohon gari. Sansanin Salahuddin da masallacin Sultan Hasan da na Ibn Ɗulun suna kudu da su. Fusɗaɗ ta fi su gangarawa kudu, kuma can ne aka kai gawarwakin fir'aunoni da sarauniyoyi 22 a Afrilun 2021, zuwa gidan tarihin wayewar Masar. Tsohon gidan tarihi na 1902 yana dandalin Tahrir a tsakiya. Idan kuma mutum yana son ganin dalar Sakkara mai hawa-hawa, wadda ta girmi na Giza, sai ya fita bayan gari, kilomita wajen 30. A cikin kowane rukuni ana iya yawo a ƙafa, wani ma yawo mai daɗi ƙwarai. Tsakanin rukuni da rukuni kuwa sai mota. Alƙahira tana da jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1987, shi ne na farko a Afirka, har da taragun da aka keɓe wa mata, kuma yana kai mutum Tahrir da Fusɗaɗ cikin sauƙi. Sai dai bai kai bakin dala ba, bai kai ƙofar sansanin ba. Daga Tahrir zuwa dala bai kai kilomita 20 ba, amma taswirar ta riƙa ba ni lokuta mabambanta sosai gwargwadon sa'ar da na zaɓa.

Da na jera yini guda na gwaji a kowane birni, bambancin ya fito fili. A Alƙahira, rukuni ɗaya da safe, wataƙila a ƙara na biyu da yamma in hanya ta yi kyau, kuma kowane sauyi yana nufin neman mota, shiga cunkoso, da isa a gajiye. A Istanbul sauyin wuri ɗan taku ne ko 'yan tashoshi. Akwai ma abin da ya fi wannan jan hankalina: a Istanbul ita kanta hanyar abin kallo ce. Mutumin da ya shiga jirgin fito daga Eminonu zuwa Kadikoy, minti ashirin ɗin nan yana zaune ne yana kallon ƙubbobi da hasumiyoyin tsohon gari suna jere a bayansa, fadar Topkapi a kan tudunta, manyan jiragen dakon kaya suna wucewa zuwa Baƙin Teku. Awannin yamma, lokacin da ƙafa ta gaji kuma gidajen tarihi sun rufe, su ne suka fi saurin lalacewa a gajeren hutu. Birnin da ya tanadi abin yi na zaune a wannan lokacin ya ƙara wa baƙo kusan rabin yini a kowace rana.

Kafin in kai wa matata wannan lissafi, na kira kawuna, wanda ya yi karatu shekaru a Alƙahira, don in ji ta bakin wanda ya san garin. Na zayyana masa abin da na gano. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, lissafinka daidai ne, amma ka manta titin Mu'izz. Ka shiga ta ƙofar Babul Futuh ka miƙe har ƙofar Bab Zuwaila, tafiyar ba ta kai kilomita biyu ba, amma gine-ginen ƙarni da ƙarni ne a jere dama da hagu. Masallatai, makarantu, asibitin Sarki Ƙalawun. Ga Azhar a gefe. In ka sauka a nan kusa, ba ka buƙatar mota."

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara lafiya, to dala fa?"

Ya ce, "Dala yini guda ce, ka ba ta yininta kacokan, kada ka haɗa ta da komai sai gidan tarihin da ke kusa da ita. Amma in don ta ni ne, kada ka kai yarinyar nan Masar a gurguje. Garin ba ya son gaggawa. Wanda ya zo masa da sauri, hayaniyarsa da ƙurarsa kawai zai tafi da su."

Maganar Kawu ta gyara mini abu guda: za a iya yin gajeren hutu mai kyau a Alƙahira in mutum ya yarda ya taƙaita kansa ga tsohon gari da Giza. Matsalar ita ce takardar matata ba ta tsaya nan ba. Akwai Fusɗaɗ a ciki, akwai Imam Shafi'i, akwai Ibn Ɗulun, kuma ba ta rubuta ko ɗaya don cike layi ba.

Ban so lissafin ya zama na son rai ba, don haka na nemi aibin Istanbul da gangan, kuma ban sha wuyar samu ba. Babban filin jirginta, wanda aka buɗe a 2018, yana da nisan kilomita wajen 40 daga tsohon gari. Tun 2023 akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke zuwa can, amma ba ya sauke mutum a Sultan Ahmet kai tsaye, sai an canza layi da kaya a hannu. Bas ko tasi kuma suna iya cin awa guda ko fiye. Ɗaya filin, Sabiha Gokcen, yana can ɓangaren Asiya. A nan Alƙahira ta fi, domin filin jirginta ya fi kusa da tsakiyar gari. Na biyu, Istanbul garin tuddai ne, titunan tsohon gari da dama na dutse ne masu hawa da gangara. Ga mai ciwon gwiwa, ko mai tura keken yaro, ko mai tafiya da dattijo, wannan kusancin da na yaba zai iya zama wahala, kuma mota ƙofa zuwa ƙofa a Alƙahira za ta fi masa. Na uku, abin da ya taru wuri ɗaya yana tara jama'a wuri ɗaya. Duk baƙon da ya sauka Istanbul filin nan na tsakanin masallatan biyu yake nufa, don haka lokacin da aka tsira da shi daga hanya ana iya biyan wani sashensa a layi.

Sai na dubi ranakun mako, abin da mai dogon hutu ba ya damuwa da shi amma mai gajere dole ya duba. Fadar Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata. Babbar kasuwa mai rufi tana rufe ranar Lahadi. Fadar Dolmabahce ba ta karɓar baƙi ranar Litinin. Ranar Juma'a kuma manyan masallatai, a biranen biyu, na masallata ne har a idar da sallah, wanda a wurinmu riba ce tunda dama muna son mu yi Juma'a a ɗaya daga cikinsu. Hutun ƙarshen mako a Masar Juma'a ne da Asabar, a Turkiyya Asabar da Lahadi, kuma wannan yana shafar cunkoson hanya da cikar wuraren shaƙatawa. Na ɗora kwanakinmu a kan wannan jadawali, na ga babu ranar da za ta tashi a banza a Istanbul in an jera su da kyau.

Hutun ya faɗo a watan Afrilu. A Alƙahira lokacin zafi ya fara motsi, kuma a tsakanin Maris da Mayu ne iskar nan mai ƙura da ake kira Khamsin take tasowa daga hamada. Ba kullum take zuwa ba, amma in ta faɗo a ranar da aka ware wa dala, mai gajeren hutu ba shi da wata ranar da zai musanya. A Istanbul kuwa Afrilu lokacin sanyi-sanyi ne da yayyafi, da furannin tulib a lambuna. Ruwan sama ma yana ɓata shiri, sai dai na lura yawancin abin da muke son gani a can yana ƙarƙashin rufi ne. Da a ce hutun a Disamba ko Janairu ya zo, wannan ma'aunin da ya juya gaba ɗaya, domin lokacin Alƙahira ke da daɗi, Istanbul kuma tana cikin sanyi da ruwa, wani lokacin har da dusar ƙanƙara.

Biza da tikiti ban daɗe a kansu ba, ko da yake su ne ke iya rushe komai. Ƙasashen biyu suna da tsarin neman biza ta intanet, amma ba kowane fasfo ne ya cancanta ba, kuma sharuɗɗan suna sauyawa, saboda haka shafukan hukumomin ƙasashen na duba da kaina, na kuma tabbatar fasfonmu yana da sauran wa'adi mai tsawo. A tikiti kuma lokacin sauka da lokacin tashi na fi dubawa. Jirgin da ya sauka da safe ya ba ka yini, wanda ya tashi da asuba ranar dawowa ya ƙwace maka daren jiya. A wannan fannin biranen biyu sun yi kusan kunnen doki a wurinmu.

Da na shimfiɗa mata komai, taswira da jadawali da maganar Kawu, ta daɗe tana kallon alamomin Alƙahira yadda suka watsu. Ta tambaye ni wanne da wanne za mu cire in can muka nufa. Na nuna mata: ko Fusɗaɗ ko sansanin, ɗaya zai fita; Imam Shafi'i sai in an yi sa'ar hanya; Sakkara babu ita; sabon gidan tarihi kuma rabin yini, bayan an fito daga rana a dala.

Ta ce, "Abban yara, ni fa ba zan je Masar in riƙa duba agogo ba. Na jira ta shekaru, zan iya ƙara jira. Mu je Istanbul ɗin."

Na ji nauyin maganar, domin na san abin da ta ajiye. Abin da na iya ba ta a madadin shi ne wani abu da na ci karo da shi ina karatun tarihin wuraren: Masar tana nan cikin Istanbul fiye da yadda muka zata. A filin da ke gefen masallacin Sultan Ahmet akwai dogon ginshiƙin dutse mai rubutun fir'aunoni, na zamanin Tutmos na Uku, da aka ɗauko daga Karnak, tsohon wurin bauta a kudancin Masar, aka kafa a nan a shekara ta 390. Kayan tarihin da ake dangantawa ga Manzon Allah (SAW) da sahabbansa, waɗanda ke ajiye a Topkapi, an fara tara su a can ne bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517. Kasuwar da ke bakin ruwa a Eminonu ma sunanta Kasuwar Masar. Haka abin yake ta ɗaya gefen: masallacin Muhammad Ali da ke kan sansanin Alƙahira, da ƙubbobinsa da siraran hasumiyoyinsa, a kan salon masallatan Istanbul aka gina shi.

Mun kama masauki a tsohon gari, 'yan taku daga tashar taram, kuma wannan zaɓin ya yi mana rana kusan kamar zaɓin birnin kansa. Hanyar filin jirgi ta yi tsawo yadda na zata. Bayan ita ba mu sake shiga ƙaramar mota ba har ranar komawa.

Sallar asuba a masallacin Sultan Ahmet muka fara da ita, lokacin filin babu kowa sai masallata da masu shara. Da hantsi kuwa filin ya cika maƙil, layuka sun miƙe. Tun farkon 2024 an raba ƙofar masu ziyarar Aya Sofiya da ta masu sallah, masu ziyara da tikiti suke hawa benen sama, don haka sai da muka tsara shigarmu da lokutan sallah. Topkapi ta cinye mana lokaci fiye da yadda na ware mata. A ɗakin da aka ajiye takubba da baka da sauran kayan nan masu daraja, ana jin karatun Alƙur'ani a kowane lokaci, jama'a na tafiya a hankali, kuma matata ta ƙi matsawa sai da ta karanta bayanin kowane abu. Muka fito la'asar ta kusa. A nan na ga amfanin kusancin da idona: abin da na tsara na yammacin ranar ya faɗi, amma ba a yi asarar mota ko tikiti ba, mun gangara lambun Gulhane da ke ƙasan fadar, cikin furanni, muka ɗage sauran zuwa gobe.

Wata rana ruwa ya sauko da tsakar rana, muka sauka matattarar ruwan nan ta ƙarƙashin ƙasa, daga nan taram zuwa kasuwa mai rufi, ruwan bai taɓa mu ba sai a tsakanin ƙofa da tasha. Juma'a a Sulaimaniyya muka yi, kuma a ganina ya fi duk masallatan da muka shiga natsuwa da kyawun tsari. Daga farfajiyarsa ta baya ana hango ruwa da gadoji da tsallaken gari. Mun je Eyup, mun yi sallama ga sahabin da ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina, ya kuma zo ya rasu a bakin ganuwar wannan birni. Kowace yamma kuwa jirgin fito muke shiga, wani lokaci mu sauka Uskudar, wani lokaci Kadikoy, mu ɗan zaga mu dawo bayan magariba. Ƙafafunmu sun ji tuddan nan sosai. Hasumiyar Galata daga ƙasa muka kalle ta saboda tsawon layi, Dolmabahce kuma daga cikin jirgin ruwa kawai muka gan ta.

A gaban ginshiƙin Tutmos ta fi daɗewa a tsaye a duk filin, tana bin zanen tsuntsaye da idanu da ke jikinsa, sannan ta ce in ɗauke ta hoto ta aika wa Kawu.

Shirin Alƙahira yana nan, mun fara shi tun a jirgin dawowa. Zai kasance tsakanin Nuwamba da Fabrairu, a hutun da ya fi wannan tsawo, kuma masauki biyu za mu kama: na farko a Giza, don mu isa dala da sassafe kafin rana da jama'a, mu kuma ba sabon gidan tarihin yininsa shi kaɗai, na biyu kusa da Azhar, don titin Mu'izz ya zama hanyar fitarmu da shigarmu. Fusɗaɗ da Imam Shafi'i rana guda, sansanin da Sultan Hasan da Ibn Ɗulun rana guda, Sakkara ma haka. Luksor kuwa, inda Karnak take, mai nisan sama da kilomita 600 a kudu, har yanzu muna ja-in-ja a kan ko za ta shiga wannan tafiyar ko za ta jira tata.